Rabin Ƙwaya

Abin awon jini guda ɗaya. Batira huɗu. Kwalin allurai, saura sha ɗaya a ciki. Auduga. Sifirit rabin kwalba. Littafin rajista mai baƙin bango, a naɗe cikin leda saboda ruwa. Wata ledar babu komai a ciki. Gorar ruwa. Lema mai karyayyen ƙarfe.

Abin da ke cikin jakar Munawwara ke nan, jakar kuma tana matse tsakaninta da bayan Ɗantala, babur yana ta faɗawa ramuka a hanyar da ta rabu da titin Rogo ta nufi Gwangwan. Kwana aka yi ana ruwa. Gero ya fitar da kai a hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa a dama, hanya kuwa ta zama kunu.

"'Yar Chaina, ki riƙe da kyau," in ji Ɗantala. "In kika faɗo, da allurarki za mu ɗinke ki."

"Kai dai kalli gabanka."

"Gabana na sani. Bayana ne ban yarda da shi ba."

Ɗantala ɗan gwaggonta ne, don haka abokin wasanta ne, duk da ya ba ta shekara ashirin, ga furfura a gemu ga 'ya'ya bakwai. Wata uku ke nan yana ɗaukar ta kwana huɗu a mako, biyu Gwangwan, biyu Yammedi. Yau ba ta da bakin wasa. Ta duba agogo. Ba a yi nisa ba ta sake dubawa.

Shekara bakwai ta yi a ƙasar Sin tana karatun likita. A can ta koyi aikin allurar nan tasu, siririya kamar gashin wutsiyar doki, wadda ake tsira wa mutum a hannu da ƙafa ba tare da an ɗura masa komai ba. Kafin ta dawo gida ta zauna ta karanta duk binciken da ta iya samu a kan tambaya ɗaya: shin allurar tana sauke hawan jini? Sun fi ashirin. Yawanci mutane kaɗan aka gwada. Yawanci ana zare allura ake yin awo, ba wanda ya koma bayan an kwana biyu ya ga ko jinin ya sake hawa. A wasu, mai awon ya san wanda aka yi wa allura, ya kuma san abin da ake so ya gani. 'Yan kaɗan da aka kwatanta da allurar bogi, wadda ake dangwalawa ba ta huda fata, sai bambancin ya kusa ɓacewa. Ta gama karatu ba ta samu e ba, ba ta samu a'a ba.

Sai ta ce za ta yi nata, kuma za ta toshe duk kafar da ta gani a na wasu. Ta nemo mata arba'in, ashirin a Gwangwan, ashirin a Yammedi, waɗanda jininsu ya fara hawa amma bai yi tsanani ba. Ta rubuta ƙananan takardu ta nannaɗe, ta zuba a ƙwarya, kowace mace ta sa hannu ta ɗauki ɗaya a gaban kowa. A kowane gari goma suka ɗauki ƙwaya, guda ɗaya kullum da safe. Goma suka ɗauki allura, sau biyu a mako. Awo kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce ke yi, wadda ba ta san wa ta ɗauki me ba, kuma sai kwana biyu bayan allura, bayan an zauna an huta.

Tun a wata na biyu aka ga inda abin ya dosa. Awon ƙarshe, shekaranjiya, ya tabbatar: jinin masu allura ya sauka daidai da na masu ƙwaya. Ta aika wa malaminta na ƙasar Sin, ya amsa da layi ɗaya cewa ta rubuta sakamakon maza a buga. Alhaji Abdulsalami kuma, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar da ta ɗauki nauyin aikin, ya kira taro gobe a Ƙaraye, ranar kasuwa, inda za ta tsaya ta gaya wa jama'a cewa allura tana yin abin da ƙwaya ke yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Jinin masu ƙwaya ya sauka, amma bai kai yadda aka san maganin yana saukewa ba. Ta aika kati ɗaya Kano an duba, ba jabu ba ne. To ko ba sa sha ne? Shi ya sa ta ce kowace ta ajiye mata fankon katinta, shi ya sa kuma ta taho da leda.

Sun isa da hantsi. Gidan Gwaggo Hajo, yayar mahaifinta, uwar Ɗantala, shi ne matattara. Ɗantala ya tsaya a ƙofar zaure yana kankare taɓo daga taya, ita ta shiga. Matan suna zaune a kan tabarmi a ƙarƙashin rumfa, Gwaggo Hajo a tsakiya tana tsinkar zogale.

"Maraba da likitar gidanmu. Ya hanya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Gwaggo. Mun same ku lafiya?"

Aka bi layi da gaisuwa, ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki, ita tana amsawa hannunta yana kan zif ɗin jaka. Da aka gama ta buɗe leda, masu ƙwaya suka zuba mata fanko. Ta ƙirga. Kati talatin, kowane gurbi a fashe, ba ƙwaya ko ɗaya da ta rage. Ashe suna sha. Ta buɗe littafi a cinya, ta cire murfin biro.

Sabuwa, maƙwabciyar Gwaggo Hajo, mace mai murya kamar lasifikar masallaci, ta gyara zama.

"Likita, tunda an gama, yaushe za a ƙaro mana? Nawa jiya ya ƙare. Ita Hajo ma yau ko rabinta ba ta samu ba."

Wata ta yi tari. Wata ta miƙe wai za ta duba tukunya, alhali ba gidanta ba ne.

Munawwara ta ɗaga biro daga kan takarda. "Rabin me?"

"Sabuwa, bakinki," in ji Gwaggo Hajo, ba ta ɗago kai daga zogale ba. "Tun muna da ƙuruciya nake gaya miki."

"Yo ai an gama! Ba cewa aka yi a yi shiru sai an gama ba?"

"Gwaggo," in ji Munawwara, "allura kika ɗauka."

"Allura na ɗauka."

"Kina shan ƙwayar Sabuwa?"

"Rabi."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na uku." Gwaggo Hajo ta ture faifan zogale gefe, ta karkaɗe hannu. "Ke kika zo da ƙwarya kika raba mu. Ba mu ce komai ba, aikinki ne. Amma ki duba. Ni da Sabuwa shekara talatin katanga ɗaya. Gishiri, garwashi, kanwa, ba abin da bai tsallaka katangar nan ba. Ga shi an auna an ce ciwo ɗaya ke damun mu. Sai ta tashi da safe ta haɗiye magani ni ina jin ƙarar kofinta? Wace irin mace ce za ta yi haka?"

"Ni ma ƙin wucewa ya yi," in ji Sabuwa. "Wallahi kwana biyun farko kamar tsakuwa nake haɗiya."

"Na ce kada mai allura ta sha komai. Sau nawa na faɗa?"

"Kin faɗa, mun kuma ji," in ji Gwaggo Hajo. "Shi ya sa ba mu gaya miki ba."

Wata ta yi dariya daga baya, aka zungure ta. Munawwara ta bi fuskokin da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Ta san lambar kowace a littafi. Ga mai lamba huɗu kusa da surukarta mai lamba tara. Ga ta sha biyu da ƙanwarta ta sha bakwai. Haka suke zama kullum, biyu-biyu, ita kuwa ta ɗauka zumunci ne kawai.

"Kuma ga wani abu," in ji Gwaggo Hajo, ta sassauta murya. "Shekara bakwai kina ƙasar mutane, kin dawo da 'yan tsinkayen nan naki. In aka auna aka ga ba su yi komai ba fa? A ce 'yar ƙanena ta je ta dawo hannu rabbana? Muka ce a ɗan taimaka wa allurar."

"A taimaka mata."

"To da sai mu bar ta ita kaɗai?"

Munawwara ta mayar da murfin biro. "A cikin masu allura, wace ce ba ta taɓa shan ƙwayar ba?"

Hannu ɗaya ya tashi, na Rabi'atu, wata siririyar mata mai sayar da ƙuli-ƙuli. Ita ma ta sha sau ɗaya, in ji ta, sai ta ga tana ta zagayawa, ta bari. Munawwara ta buɗe shafinta. Awon jininta ya fara da ɗari da hamsin da huɗu, ya ƙare da ɗari da hamsin da ɗaya. Mutum ɗaya. Ba a yanke hukunci da mutum ɗaya.

Ga amsar abin da ya tsaya mata a rai. Masu ƙwaya rabi suka sha, shi ya sa nasu bai sauka sosai ba. Masu allura rabi suka sha, shi ya sa nasu ya sauka. Wata uku tana kwatanta rabin ƙwaya da rabin ƙwaya.

"Da me kuke rabawa?"

"Da haƙori muka fara, sai tana marmashewa," in ji Sabuwa. "Sai Ɗantala ya kawo reza. Shi ke yanka mana na mako guda, Allah ya yi masa albarka."

Ba ta tsaya cin ɗan-waken da Gwaggo Hajo ta sa aka ɗora ba. Ta yi sallama a tsaye, ta fito.

"Yammedi," ta ce da Ɗantala.

"Yau ba ranar Yammedi ba ce."

"Tada babur."

Ya kalli fuskarta, ya kalli zaure, ya tada. Sun yi tafiya mai ɗan nisa, taɓo yana ƙara a ƙarƙashin taya. Hadari yana haɗuwa daga gabas. Ita lissafi take yi: in Yammedi ba su taɓa ba, tana da mata ashirin. Kaɗan ne, amma wani abu ne. Za a iya rubuta ashirin.

"Sabuwa ce ko?" in ji Ɗantala.

Ta gyara zaman jakar a bayansa, shi kuma ya ci gaba.

"Na ce musu kada a sa ta a maganar. Amma ita ce mai maganin, ya za a yi?"

"Wata uku kana ɗauka ta. Kwana huɗu a mako."

"Kin tambaye ni?"

"Me zan tambaya? In ce Ɗantala, ko kana yanka min bincike da reza?"

"Sabuwar reza fa, ba ta aski ba. Kuma daidai nake yankawa, ko a kemis ba za a fi ni ba. Ke baki ga layi a tsakiyar ƙwayar ba? Me ya sa Bature ya ja layin in ba don a raba ba?"

"Ba don a raba da maƙwabta ba."

"To da wa? Da aljanu?"

Ya kauce wa wani kududdufi, ƙafarta ta goga ciyawa mai raɓa.

"Uwata ce fa," in ji shi can, ba wasa a muryarsa. "Ke kika ce jininta ya hau. Ke kika ce ƙwayar tana aiki, allurar ce ba a sani ba. Da bakinki kika faɗa ranar ƙuri'a. To in tsaya ina kallo a gwada abin da ba a sani ba a kan uwata?"

"Duk mako ana auna ta. Da ya ƙara hawa da na cire ta na ba ta magani."

"Da."

A wani rafi dole suka sauka. Ta tattare zani, ta ɗora jaka a ka, ruwa ya kai mata gwiwa, shi yana tura babur yana faɗa da shi kamar jaki. A ɗaya gefen babur ya ƙi tashi. Ya cire fulogi ya hura, ya goge da bakin riga, ita tana kai da komo a kan yashi tana duban hadari. A bugu na biyar ya tashi.

An idar da azahar suka shiga Yammedi. Gidan Ruƙayyatu ungozoma ta nufa, don ita ke tara matan garin duk ranar allura. Ta same ta tana shanya kuɓewa a kan buhu, tana duban sama ita ma.

"A'a, likita? Yau? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Inna. Ina wuni? Ya gida?"

"Lafiya ƙalau. Zauna mana, kin tsaya kamar wadda aka aiko."

Ta zauna a bakin turmi. "Inna, tambaya ɗaya zan yi miki, don Allah ki gaya min gaskiya. Ƙwayar nan, kun yanka kun raba da masu allura?"

"Yanka? Subhanallahi. Wa zai yanka magani? Ai sai ƙarfinsa ya fita."

Munawwara ta sauke numfashi. Sai yanzu ta ji ƙishirwa. Ta laluba jaka ta ciro gora.

"Mu tarawa muka yi," in ji Ruƙayyatu.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar alawa, irin babbar nan ta kanti. A gindinta fararen ƙwayoyi ne, sun kai cikin tafin hannu biyu.

"Duk wata in kin raba, sai su ɓare su kawo nan. Wadda ta tashi kanta na sarawa, ko ta ji jiri, ta zo ta karɓi ɗaya. Mai allura ce, mai ƙwaya ce, ni ba na tambaya. Ranar da mutum yake lafiya lau me zai sha magani ya yi? Kin gani, har da saura."

"Inna, hawan jini ba ya jiran ciwon kai. Kullum ake sha."

"Haka kika ce. Amma mutum goma kika ba magani, mu ashirin ne da ciwon. Ban da malam."

"Wane malam?"

"Maigidana. Da ƙaninsa. Da wani tela a bayan masallaci, shi kam ya ji daɗinsa sosai."

Munawwara ta riƙe gora a hannu, ba ta sha ba. "Wa ta sha nawa? A waɗanne ranaku?"

"Wa ya rubuta, 'yar nan? Ke ce mai littafi." Ruƙayyatu ta ajiye kwalbar a ƙasa, ta dube ta. "Laifi muka yi?"

"Ba za a iya amfani da awon ba."

"Af. Amma allurar dai kada ki daina. Matan nan suna son ta. Ka kwanta rabin awa a ɗaki mai sanyi, ba mai kiran ka, ba yaro, ba tukunya. Wasu har munshari suke yi."

"Na ji su."

Munawwara ta ce a rufe kwalbar, jibi za ta dawo su zauna da kowa. Ruƙayyatu ta raka ta har zaure tana cewa ai da ta tsaya an dama fura.

Ruwa ya tsuge musu a hanyar Ƙaraye. Suka fake a wata rumfar mai faci, ita a tsaye, jaka a ƙirji. Ɗantala ya zauna a kan tsohuwar taya. Ta ciro littafin, ta buɗe daga cikin ledar. Rubutun tsaf. Kowace lamba gaskiya ce, an auna ta da kyau, a kan lokaci, ta hannun wadda ba ta san komai ba. In ta rubuta shi haka, zai fi yawancin waɗanda ta karanta tsabta. Ba mai karatu a wata ƙasa da zai hango reza a cikinsa, ko kwalbar alawa. Ta tuna da binciken nan ashirin da 'yan kai, ta tambayi kanta nawa ne a cikinsu ke da nasu Ɗantalan.

Wayarta ta yi ƙara. Alhaji Abdulsalami. Ta bar ta ta katse. Ta sake yi.

"Ki ɗauka mana," in ji Ɗantala.

"Wurinsa za mu."

Ruwa bai gama ɗaukewa ba ta ce su tafi.

Da la'asar suka shiga Ƙaraye. 'Yan kasuwa suna ta gyaran rumfuna saboda gobe, motoci suna sauke buhuna a cikin caɓi. Suka sami Alhaji Abdulsalami a bakin wani jerin shaguna, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa yana nuna wa masu kujeru inda za su jera. Mutum ne gajere mai saurin tafiya, dillalin hatsi tun yana saurayi.

"Likita! Allah ya kawo ki. Ina ta kira. Dubi yadda kika jiƙe. Zo, zo ki gani. Da gobe na so in nuna miki a gaban jama'a, amma tunda ga ki."

Ya tura ƙofar shagon ƙarshe. An shafe bango da farin fenti. Gado uku na ƙarfe da sababbin katifu, labule a tsakaninsu, fanka a sama, tebur da kujera. A jikin bango an jingine allo, fentinsa bai gama bushewa ba. Sunanta ne a sama da manyan baƙaƙe. A ƙasa an rubuta: MAGANIN HAWAN JINI BA TARE DA ƘWAYA BA.

"Alhaji, akwai magana."

Ta gaya masa a tsaye a bakin ƙofa, daga Sabuwa har kwalbar alawa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Da ta zo kan reza sai ya fashe da dariya, ya leƙa waje ya nuna Ɗantala da yatsa, shi kuma ya juya baya yana duba sarƙar babur. Da ta gama Alhaji ya share ido.

"Mutanenmu ke nan. To amma tsaya. Jininsu ya sauka ko bai sauka ba?"

"Ya sauka, ranka ya daɗe. Ban san me ya sauke shi ba."

"Kin tabbata ba allurar ba ce?"

"Ban tabbata ba."

"To kin gani."

"Ban kuma tabbata ita ce ba. Inda na fara, nan nake."

Ya ja kujera ya zauna, ya ciro carbi amma bai ja ba. "'Yata, bari in gaya miki abin da ya sa na shiga wannan aiki. Mahaifiyata wata biyu ta yi tana shan irin ƙwayar nan. Ta ƙare, damina ce, ba a samu mai shigowa gari ba. A bakin murhu aka same ta, ɓarin jiki ya shanye. Mutanenmu ba za su sha magani kullum har ƙarshen rayuwa ba. Yau kin gani da idonki. Wannan ta raba, waccan ta tara a kwalba. Abin da za a zo a yi wa mutum a gama, ya tashi ya tafi gona, shi ne zai yi mana."

"In yana aiki."

"An yi shela a masallatai. Masu unguwanni za su zo. Daga Rogo ma mota biyu za ta taso. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki karanta abin da ke cikin littafinki kawai. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"To shi ke nan. Ki buɗe nan ki fara. Daga baya ki sake bincikenki a tsanake, mu muna bayanki. In ya nuna ba haka ba, sai a goge allo."

Wani ya kira shi daga waje a kan maganar lasifika. Ya miƙe ya fita, ya bar ta a ciki.

Ta taka zuwa gadon farko, ta danna katifar da hannu. Ta taka zuwa taga, ta dawo. Ɗakin ya yi kyau. Ta san za a cika shi. Za su zo daga Gwangwan da Yammedi da ƙauyukan da ba ta taɓa zuwa ba, su kwanta rabin awa, su yi barci, su tashi su ce sun ji daɗi. Wanda ke shan ƙwaya zai karanta allon, ko a karanta masa, ya daina. Sabuwa ma za ta daina. Daga nan babu rabin da zai tsallaka katanga, allura za ta tsaya ita kaɗai a jikin Gwaggo Hajo, kuma ba wanda ya san abin da take yi ita kaɗai. Sake bincike shekara ne, ko fiye. Kafin a goge allo an riga an ɗauki wasu daga bakin murhu.

Ta ɗauki allon ta gefe, ta juya fuskarsa ga bango. Fenti ya ɓata mata yatsu.

Alhaji Abdulsalami yana dawowa ta fito. Ta jawo ƙofar da hannu biyu, don ruwa ya kumbura katakon, har ta rufu.

"Alhaji, zan zo taron gobe. Zan ce binciken ya lalace, ba a san komai a kan allura ba tukuna, kowa ya sha ƙwayarsa guda, kullum. Ɗakin nan kuwa ba zan buɗe shi ba."